Hancin Malam Labbo

Shekara talatin da ɗaya Kulu tana dafa wa Malam Labbo abinci, kuma ba ta iya tuna ranar da ya ci ya tashi bai ce komai ba. Ba faɗa yake yi ba. Mutum ne mai sanyin murya, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Tudun Wada a Gusau. Amma Allah ya ba shi hanci da harshe irin waɗanda ke hana mai girki sakewa. Tun daga bakin zaure zai ja ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ce, "Kulu, kukar yau ba ta garin Karakkai ba ce." Kuma ba ta can ba ce ɗin. Ya san man shanun da ya kwana uku, ya san daddawar da aka kwashe ba ta gama nuna ba, ya san ranar da aka yi hoce, gurasar nan tasu, da tsohuwar dawa.

Dangi kaf sun san shi da wannan, daga Bungudu har Tsafe. In ana suna ko biki, shi ake fara kai wa kwano. Ya yi loma ɗaya, ya lumshe ido, mata na laɓe suna jira. In ya ce, "To, babu laifi," mai miyar sai ta yi wata guda tana ba da labari. Ita Kulu takan sami "babu laifi" sau uku ko huɗu a shekara, kuma tana riƙe da kowanne a ranta, ko da yake in an tambaye ta sai ta ce ita ba ta ma sauraron abin da yake faɗa.

A shekarar da kowa ke yawo da takunkumi a fuska, bayan an gama girbin gero, ciwo ya kwantar da shi. Zazzaɓi ne da tari mai tsaga ƙirji, ga numfashi sama-sama. Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. Maƙwabciyarsu Lidiya, ma'aikaciyar jinya ce da duk layin ke kira Maman Caleb, ita ke shigowa safe da yamma tana duba shi. Kulu ta tsorata ƙwarai, ba ta dai nuna ba. Ranar da ya fito tsakar gida da ƙafarsa ya ce yana jin yunwa, ta shiga madafa ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa kuka da sauri. Ta san kanwar ta ɗan zarce, amma ba ta da haƙurin sake wata.

Ta ajiye kwanon, ta zauna gefe tana jiran a ambaci kanwa. Ya ci loma biyar ko shida, ya wanke hannu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ya yi daɗi."

Kulu ta dube shi. Ta dubi kwanon. Ta miƙa hannu ta taɓa goshinsa, ko zazzaɓin ne ya dawo.

"Lafiya?" ya ce.

"Lafiya lau, Malam. Allah ya ƙara sauƙi."

Washegari ma ya ce ya yi daɗi. Rana ta uku ya ce madalla. Rana ta huɗu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan: ta raba miya biyu, ta hana tasa gishiri gaba ɗaya. Ita kanta da ta ɗanɗana sai da ta yamutsa fuska, salam kamar ruwan wanke hannu. Malam Labbo ya ci, ya gyaɗa kai kamar mai nazari, ya ce, "Hannunki ya faɗa daidai yau."

Nan ta gane. Amma ta san mijinta, don haka ta kama bakinta.

Gaskiya ta ɗan more makon farko. Ta sayi kukar kasuwa da ba a san asalinta ba. Ta ɗumama miyar jiya ta kawo a matsayin ta yau. Ba wanda ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga kai. Sai dai morewar ba ta je ko'ina ba. Ta lura lomarsa na raguwa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yakan zauna ya zuba wa abinci ido kamar wanda aka ba takarda da harshen da bai iya ba. Ita ma girkin ya fita ranta. Ta tarar duk shekarun nan, ashe da kunnenta a bakin zaure take jefa daddawa a tukunya.

Wata Laraba da hantsi ta ɗora wake a kan murhun gawayi, ta ce masa za ta leƙa gidan Maman Caleb ta karɓo rariya, ya sa mata ido. Hira ta ɗan ja su. Tana fitowa, tun daga kan layi ta jiyo ƙauri. Ta shigo da sassarfa ta tarar da tsakar gida ya turnuƙe, tukunya ta yi baƙi ƙirin, shi kuwa Malam yana zaune a kujerarsa taku huɗu daga murhun, ya ba shi baya, rediyo a kunne, yana sauraron labarin farashin taki.

Ta sauke tukunyar, ta watsa ruwa. Sai lokacin ya waigo, ya ga hayaƙin, fuskarsa ta canza.

Kulu ta jawo kujerar tsuguno ta zauna gabansa.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ran Asabar miyarka ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Ka ce hannuna ya faɗa daidai."

Ya kashe rediyon. Ya sunkuyar da kai.

"Tun ina kwance," ya ce. "Na ɗauka mura ce, za ta sake ni. Kulu, ko sabulu ba na ji. Tuwo kamar ina tauna katifa." Ya ɗago. "Kuma ke da saninki kika ba ni miya ba gishiri?"

"Shekara talatin da ɗaya ana yi mini jarrabawa. Sau ɗaya ni ma na yi."

Ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Kada kowa ya ji."

"Maman Caleb za ta ji. Yau wake ne, gobe ban san me zai kama ba kana zaune."

Lidiya ta zo da yamma, ta saurara har ƙarshe ba ta yi ko murmushi ba, abin da Kulu ta yaba mata. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, sun ga mutane da yawa haka bayan irin wannan ciwon. Wasu mako biyu jin ƙanshin ya dawo musu, wasu watanni, wasu ya dawo rabi. Ta ce ya je wurin likita a duba hancin, ya kuma daure ya riƙa ci ko ba ya jin komai. Sannan ta ce a nemo ƙananan kwalabe huɗu: ɗaya a sa kanumfari, ɗaya ɓawon lemun tsami, ɗaya citta, ɗaya audugar da aka ɗiga wa turarensa.

"Safe da yamma, Baba. Ka buɗe kowace, ka sunsuna a hankali, kana tuna yadda ƙanshinta yake a da."

"Ni za a koya wa sunsuna?" ya ce. "Da furfurata?"

"Hancin ne za a tuna wa aikinsa, Baba, ba kai ba."

Ya ce zai duba. Kulu ta haɗa kwalaben ta jera masa a kan taga. Kwana biyu ba a taɓa su ba. A na uku, tana shara bayan ya dawo daga masallaci da safe, ta ga an turo ƙofar ɗakinsa an sakaya, ta kuma jiyo ana jan hanci a ciki, a tsaya, a sake ja. Ta ɗauke tsintsiyarta ta koma can ɗaya gefen don kada dariyarta ta kai masa.

Gishiri ne ya fara dawowa, sai zaƙi, sai tsami. Yaji dama yana jin zafinsa. Ƙanshi kuwa shiru, har wata biyu. Ran nan tana soya albasa, sai ga shi ya fito daga ɗaki da sauri, ya toshe hanci da hannun riga.

"Wa ke ƙona taya a unguwar nan?"

"Malam, ka ji wari?" Ta saki ludayin.

Shi ma sai ya tsaya. Ya sauke hannun, ya ja iska, fuskarsa ta washe, ya ce lallai ya ji. Ya bi warin yana murna, ya zaga bayan ɗaki, ya leƙa kan layi, ya dawo, warin ya kawo shi har bakin kaskonta. Ya dubi albasar, ya dubi Kulu.

"Wannan ce?"

"Ita ce. Albasa ce lafiyayya."

Wahalar abin da ya biyo baya ta fi ta rashin jin ƙanshin. Nama ya koma masa warin kwata. Ƙosai kamar an soya shi da baƙin mai. Turaren da ya fi shekara ashirin yana shafawa ran Juma'a ya zama kananzir. Sau ɗaya har ya sa hula zai je ya sami mahaucin da suka saba saye a wurinsa, ya tambaye shi yaushe ya fara sayar da mushe, sai da Kulu ta tare ƙofa ta rantse masa naman da ɗuminsa aka kawo. Lidiya ta ce wannan ma an saba gani, sau da yawa alama ce hancin ya fara farkawa, sai dai yana rikita sunayen abubuwa.

Kulu ta shiga bincike kamar sabuwar amarya. Ta gano abinci mai sanyi bai cika tayar masa da hankali ba. Fura da nono na shiga. Dafaffen dankali na shiga, da hocen da ya huce, da kwaɗon zogale in ba a sa albasa ba. Tuwo na tafiya da kuka tsura, ba daddawa ba nama, a matsa mata lemun tsami, abin da in da a da ne aka kawo masa sai ya tambaya ko wani aka yi wa rasuwa. In ita tana son miya ta gaske, sai ta ɗauki kaskonta ta je gidan Lidiya ta yi suyarta can, ta ci, ta wanke baki ta dawo.

Ana cikin haka aka aiko daga Tsafe: jikar Tambaya, yayarsa, ta haihu, suna ran Lahadi. Tambaya ita ta goye shi yana jariri, kuma duk dangi ita kaɗai ce bai taɓa kushe wa miya ba.

"Ka gaya mata gaskiya kawai," Kulu ta ce.

"In Yaya ta ji, Tsafe ta ji. In Tsafe ta ji, kafin la'asar an ji a 'Yankuzo."

Suka kama motar safe don su je su dawo da rana tsaka. A cikin motar ne ya matso kusa da ita ya shimfiɗa dabararsa da ƙaramar murya. In an kawo kwano, ita ta fara ɗanɗanawa. In komai daidai ne, ta ɗora hannu a gwiwa. In daddawa ta yi yawa, ta gyara mayafi. In miyar ta kama, ta taɓa kunne.

"Malam, da girmanka?"

"Sau ɗaya ne. Ki taimaka."

Ta ce to, don ta ga yadda ya damu, don kuma wani ɓangare na zuciyarta na son ganin inda abin zai ƙare.

Gidan cike yake da mata. Bayan an yi barka an ga jaririya, Tambaya ta ja su ɗakinta, ta shimfiɗa masa darduma. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido. Da kanta ta kawo kwanon masa da miyar taushe, da naman rago a sama yana tururi. Mata uku suka tsaya bakin ƙofa kamar masu neman wani abu da suka manta.

Kulu ta ga ya ɗan ja da baya da tururin ya doke shi. Ta gutsiri masar ta dangwala, ta kai baki. Miyar ta yi, ba abin da za a ce. Ta ɗora hannu a gwiwa ta danna sosai don ya gani. Shi kuwa a lokacin ya lumshe ido, yana kokawa da lomarsa. Kafin ya buɗe, wani ƙuda da ke bin naman suna ya zo ya sauka mata a kunne, ta kai hannu ta kore shi. Daidai nan ya buɗe ido.

Ya yi gyaran murya.

"Yaya, babu laifi. Sai dai ta ɗan kama daga ƙasa."

Matan bakin ƙofa suka dubi juna. Kulu ta shiga bubbuga gwiwarta da tafin hannu, shi kuma ya dube ta ya kasa gane ko me wannan ke nufi, don ba su yi da bugu ba.

Tambaya ta jawo kwanon, ta ɗanɗana, ta mayar. Ta dubi ƙanenta, ta dubi Kulu da hannunta a gwiwa. Ta juya ga matan ta ce su je su duba baƙi. Da suka tafi ta saki labule.

"Labbo, mi ya same ka?"

"Ba komai, Yaya."

"Tun da ka shigo nike kallonka. An wuce da turaren wuta ta gabanka ka kau da kai kamar an wuce da bokitin shara. Ka rame. Yanzu kuma kana cin miyata kana kallon matarka. Kulu, ke gaya min."

"Ƙuda ne, Yaya," Kulu ta ce, dariyar da take dannewa ta fashe.

Dole ya yi bayani, tun daga ciwon har kwalabe, har dabarar cikin mota. Tambaya ta saurara. Da ya kai kan kunne da mayafi, ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Sai kuma ta share ido ta zauna kusa da shi.

"Wata uku kana fama, ka ɓoye min don kada a ce hancinka ya mutu? To mu da ba mu taɓa samun irin hancin naka ba, ba ga mu muna raye ba?" Ta ɗauke kwanon daga gabansa. "Mi kake iya ci?"

"Fura," ya ce a hankali.

Ta leƙa ta sa aka dama masa fura da nono mai sanyi. Ya shanye kwanon tas, Kulu kuma ta ci masar da taushen har ta ƙoshi, a gabansa, ba tare da ta tafi gidan kowa ba. Kamar yadda ya faɗa, kafin su hau motar komawa labari ya zaga gidan. Abin da bai zata ba shi ne mutum uku da suka tare shi a ƙofar gida, ɗaya bayan ɗaya, kowa na rage murya. Wani direba ya ce shi wata biyar ke nan shayi na yi masa warin ƙarfe. Wata mata ta ce ita jaririnta ma ba ta jin ƙanshinsa, kuma ba ta gaya wa kowa ba sai yau. Malam Labbo ya tsaya ya yi musu bayanin kwalabe huɗu dalla-dalla, da muryar da yake koya wa manoma tazarar shuka, kamar shi ya ƙirƙiro abin. Kulu ta bar shi, ba ta ambaci Maman Caleb ba sai da suka shiga mota.

Daga nan ya daina sakaya ƙofa. Yakan fito da kwalabensa tsakar gida, ya jera su a kan tabarma, ya sunsuna, ya ba da rahoto ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Lemun tsami ya fara zuwa, daga nesa. Kanumfari ya zo ya koma. Citta ta ƙi.

Gab da faɗuwar damina ya tafi Karakkai duba gonarsa, wadda wani ɗan'uwansu Mas'udu ke nomawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Kulu na tsinke zogale wayarta ta yi ƙara.

"Kulu," Malam ya ce. "Taki."

"Taki kuma? Bai isa ba ne?"

"Na ji shi. Takin shanu, da na awaki a ciki. Yadda yake ɗin nan, ba taya ba kananzir. Shi kansa."

Ta bayansa ta jiyo muryar Mas'udu yana tambaya ko wani abu ne ya sami takin, don ya ga Malam ya fi minti goma a tsugune gaban tulin, in bai yi ba a canza.

"Ka ce masa ya yi," Kulu ta ce. Ta ji idonta ya ciko, ta goge da bayan hannu. "Duk ƙanshin da ke duniya, Malam, ka rasa wanda za ka fara da shi sai wannan?"

"Shi ya zo. Na iya korarsa?"

"To ka gaishe shi. In ka dawo ka bar takalmanka a zaure."

Sauran sun biyo baya a hankali, ba a jere ba. Man shanu ya dawo cikin damina, daddawa bayan kaka. Nama ya ɗauki fiye da shekara kafin ya iya zama kusa da shi, kuma har yau tsire bai koma masa yadda yake ba. Turarensa na Juma'a dai ya haƙura da shi, ya ba Mas'udu sauran kwalbar. Soyayyar albasa ta rage ƙarfi, daga taya ta koma wani abu da ya ce ya yi kama da jiƙaƙƙen buhu, wanda mutum zai iya zama da shi a gida ɗaya. Kulu ta dawo da kaskonta daga gidan Lidiya. Lidiya ta ce ita kam ba ta ji daɗin wannan sauƙin ba, don ta saba da ɗanɗanen da ake bar mata.